Ingancin Manhaja a Yamai: Nazari kan Yadda Ake Gano Abin da Masu Ruwa da Tsaki Suka Fifita

Gabatarwa

Duk manhajar da za a gina tana da buƙatu iri biyu. Na farko su ne buƙatun aiki, wato abin da manhajar za ta yi: ta karɓi kuɗi, ta fitar da rasiɗi, ta yi wa majinyaci rajista, ta lissafa albashi. Na biyu su ne buƙatun inganci, wato yadda za ta yi aikin: cikin daƙiƙa nawa, da mutum nawa a lokaci guda, a kan wace irin waya, da wane harshe, wa ke da ikon leƙa bayanan, kuma me zai faru idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki. Kashin farko yana da sauƙin faɗa, shi ya sa yake cika kundin sharuɗɗan kwangila shafi bayan shafi. Kashi na biyu kuwa sau da yawa jimla guda ake ba shi, a ce manhajar ta kasance mai sauri, mai tsaro, mai sauƙin amfani, a sa hannu a wuce.

Wannan nazari ya duƙufa ne kan kashi na biyu, kuma ya ɗauki birnin Yamai a matsayin fagen dubawa. Matsayinsa shi ne, a gari irin Yamai buƙatun inganci ne ke yanke hukuncin ko manhaja za ta rayu ko za a jingine ta a koma ga littafi da biro. Kuma ba a gano abin da mutane suka fifita a cikinsu ta hanyar tambayar me suke so. Ana gano shi ne idan aka sa su zaɓi abu ɗaya su haƙura da wani, a cikin yanayin da suka sani, kuma aka tambayi waɗanda asara za ta faɗa wa idan manhajar ta gaza.

Tushen fagen

Tun cikin shekarun 1970 masana suka fara jera siffofin manhaja mai kyau. McCall da abokan aikinsa sun fitar da nasu jerin a 1977, Barry Boehm da nasa abokan a 1978. A 1991 hukumar ƙa'idoji ta duniya ta fitar da ISO 9126, wadda ISO 25010 ta maye gurbinta a 2011 da manyan siffofi takwas: dacewar aiki, sauri da tattalin kayan aiki, jituwa da wasu manhajoji, sauƙin amfani, dogaro, tsaro, sauƙin gyara, da sauƙin ɗauka daga wata na'ura zuwa wata.

Jerin suna kaɗai bai warware matsalar ba. A 1992 John Mylopoulos da Lawrence Chung da Brian Nixon na Jami'ar Toronto suka nuna cewa waɗannan siffofi ba su da iyakar da za a ce an kammala su. Ba a gama tsaro, sai dai a kai shi matakin da ya wadatar. Sun kuma nuna cewa siffofin suna karo da juna. Duk matakin tantancewa da aka ƙara don tsaro yana cin lokaci kuma yana wahalar da mai amfani. Duk hoton da aka ƙara don sauƙin fahimta yana cin data. Taura biyu ba ta taunuwa, don haka tilas wani ya yanke wacce za a fara da ita. Idan ba a tambayi masu abin ba, mai rubuta manhajar ne zai yanke shi kaɗai a gaban kwamfutarsa, ba tare da ya san ya yanke wani hukunci ba.

Abin da ya faru a Landan a watan Oktoba na 1992 ya zama darasin da ake koyarwa har yau. Hukumar motocin ɗaukar marasa lafiya ta birnin ta ƙaddamar da manhajar rarraba motoci, kira ya yi yawa, manhajar ta yi nauyi, motoci suka riƙa makara na sa'o'i. Binciken da ya biyo baya ya gano cewa ba a gwada ta da cikakken nauyin aiki ba, kuma ba a tafi da ma'aikatan da za su yi amfani da ita yadda ya kamata ba.

Yanayin da manhaja ke aiki a cikinsa a Yamai

Littattafan da ake koyar da wannan fanni da su an rubuta akasarinsu a ƙasashen da wuta da intanet ba abin tattaunawa ba ne. A Yamai wuta da intanet su ne farkon magana. Kafin 2023 kimanin kashi 70 cikin ɗari na wutar da kamfanin NIGELEC ke rarrabawa daga Najeriya take zuwa, kuma babban birnin ya dogara sosai da layin da ya taso daga Birnin Kebbi. Da Najeriya ta katse layin a watan Agusta na 2023, a cikin takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, unguwanni suka shiga karɓa-karɓar wuta, har sai da aka ɗage takunkumin a farkon 2024. Ko ba takunkumi, watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, lokaci ne na yawan ɗaukewar kuran.

Haka intanet. Nijar ba ta da teku, don haka hanyarta zuwa igiyoyin ƙarƙashin teku ta cikin maƙwabta take bi. Ranar 14 ga Maris 2024 da igiyoyi da dama suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, Nijar tana cikin ƙasashen da abin ya taɓa. Kafin nan, bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a Fabrairun 2021, an rufe intanet na wayar salula na kimanin kwana goma.

Sai harshe da karatu. A kasuwannin Katako da Wadata da Babbar Kasuwa, da Zabarmanci da Hausa ake ciniki, alhali yawancin manhajojin ofis da Faransanci suke magana. Kimanin kashi ɗaya cikin uku ne na manyan ƙasar suka iya karatun boko. Kundin tafiyar da ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Wannan ya ɗora wa masu gina manhaja wani nauyi na zahiri: shin ma'ajiyar bayanan tana karɓar haruffa masu lanƙwasa, kuma idan ma'aikaci ya nemi suna da harafi marar lanƙwasa, za ta fito da wanda aka rubuta da mai lanƙwasa?

Ga kuma doka. Tun 2017 Nijar ke da dokar kare bayanan mutane, wadda aka sabunta a 2022, da hukumar HAPDP mai sa ido a kanta. Hukumar ANSI, wadda ta jagoranci shirin Niger 2.0, ita ma tana da ta cewa a manhajojin gwamnati.

Wa ake tambaya?

A ɗauki misalin kamfanin tura kuɗi, sana'ar da ta bunƙasa a Nijar ta hannun kamfanoni irin su Nita da Al Izza da Amana. A ce wani kamfani irin wannan zai sake manhajar da ake aiki da ita a rassansa. Mai kamfanin yana son ya ga kowane dala a lokacin da ya motsa, kuma kada ma'aikaci ya iya taɓa lissafi. Mai binciken kuɗi yana son kowane aiki ya bar sawu. Injiniyan kamfanin yana son abin da zai iya gyarawa da kansa ba sai an kira wani daga waje ba. Ma'aikaciyar da ke zaune a bayan kanta tana son layi ya riƙa tafiya, domin ita ce ke shan faɗan jama'a. Dattijuwar da ta zo karɓar abin da ɗanta ya aiko daga Kwatano tana son ta karɓa yau, kada kuma na bayanta a layi ya ji nawa ne.

A taron tsara sharuɗɗa, ukun farko ne ke zaune a teburi. Biyun ƙarshe, waɗanda za su taɓa manhajar sau ɗari a yini ko su kwana da yunwa idan ta tsaya, ba a gayyatarsu. A ayyukan da masu ba da tallafi na waje ke biya, tazarar ta fi haka faɗi, domin wanda ya biya, da wanda ya rubuta sharuɗɗa, da wanda zai yi amfani, mutum uku ne da wataƙila ba su taɓa haɗuwa ba.

Ko an gayyace su ma, zama ɗaya ba ya wadatarwa. Tarbiyyarmu ba ta yarda ƙaramin ma'aikaci ya musa wa shugabansa a bainar jama'a ba. Idan darakta ya ce tsaro ne kan gaba, amsar ɗakin ita ce “haka ne, ranka ya daɗe.” Mai tattara buƙatu da ya rubuta wannan a matsayin ra'ayi ɗaya na kowa ya rubuta ladabi ne. Saboda haka sharaɗin farko shi ne a zauna da kowane rukuni daban: shugabanni daban, ma'aikatan kanta daban, mata abokan hulɗa daban, kuma da harshen da kowa ya fi sakewa da shi.

Yadda ake tambayar

Idan aka tambayi mutum ko tsaro yana da muhimmanci, zai ce ƙwarai. Sauri fa? Shi ma ƙwarai. Takardar tambayoyi mai maki ɗaya zuwa biyar takan dawo cike da biyar-biyar, ba ta koya wa injiniya komai ba.

Noriaki Kano, farfesa ɗan ƙasar Japan, ya bayyana wani ɓangare na dalilin a 1984. Ya ce akwai siffofin da mutum ba ya ambata domin yana ganin dole ne su kasance, ba ya yaba su idan suna nan, amma ransa yana ɓaci matuƙa idan babu su. Mafi yawan buƙatun inganci a wannan aji suke. Babu abokin hulɗar da zai ce yana son kada a cire masa kuɗi sau biyu. Dabarar da farfesan ya kawo ita ce a yi tambaya ta fuska biyu: yaya za ka ji idan akwai abin, yaya kuma za ka ji idan babu.

Cibiyar nazarin injiniyancin manhaja ta Jami'ar Carnegie Mellon a Amurka ta ƙara wani mataki. Maimakon sunan siffa, a ba mutum labarin wani yanayi: me ya faru, daga ina ya taso, a wane hali ake, wane sashe ya taɓa, me manhajar za ta yi, kuma da me za a auna. A Yamai tambayar za ta iya zama kamar haka:

“Malama, ranar jajibirin Sallah ce, layi ya kai bakin titi, sai rezo ya ɗauke. Ga wata Hajiya da lambar karɓar kuɗinta a hannu. Wanne ya fi miki: inji ya ƙi biya har rezo ya dawo, ko ya bari ki biya ƙananan kuɗi ya daidaita lissafi daga baya, ko da wani zai iya zuwa wani reshe ya sake karɓa?”

Wannan tambaya tana da amsa, kuma amsar ma'aikaciyar za ta bambanta da ta mai kamfani. A wannan saɓanin ne aikin injiniya yake. Daga nan ake fara ciniki na gaskiya: har nawa za a yarda a biya babu rezo, na tsawon awa nawa, kuma wa zai ɗauki asarar idan an yi cuta.

Tambaya kuma ba ta maye gurbin zama a wurin aiki. Wanda ya yini a bayan kanta zai ga lambar sirri a rubuce a jikin takarda an manna ta a gefen kwamfuta, ma'aikata uku suna shiga da sunan mutum ɗaya domin fita da sake shiga na cin lokaci. Zai ga abokin hulɗa ya miƙa wa yaron shago wayarsa ya faɗa masa lambar sirrinsa da baki. Zai kuma ji yadda ake faɗin kuɗi. Allon na'ura yana nuna 5.000, mai karɓa kuwa jika biyar ya sani, kuma 100 a wurinsa dala ashirin ce, domin da Hausa da Zabarmanci duka da biyar-biyar ake ƙirga sefa. Manhajar da za ta karanta adadi da murya, idan ba ta bi wannan lissafi ba, za ta faɗa wa mutum ninki biyar na abin da yake da shi.

Hanyoyin auna fifiko

Bayan an tara buƙatu sai a jera su. Hanyar da ta fi suna a makarantu ita ce AHP ta Thomas Saaty, wadda littafinta ya fito a 1980, Joachim Karlsson da Kevin Ryan kuma suka gwada ta kan buƙatun manhaja a 1997. Ana gwama abubuwa biyu-biyu, mutum ya faɗi wanda ya fi da kuma yawan fifikon, daga 1 zuwa 9. Ƙarfinta shi ne tana tona saɓani a cikin amsoshin mutum guda. Rauninta yawan tambaya. Siffofi takwas na buƙatar gwami 28. Idan aka sauka zuwa ƙananan siffofi 31 na ISO 25010 ta 2011, gwamin ya zama 465. Babu ɗan kasuwar Katako da zai bar rumfarsa don wannan.

Hanyar MoSCoW, wadda Dai Clegg ya tsara a 1994, tana raba buƙatu gida huɗu: dole, ya kamata, in da hali, da ba yanzu ba. Tana da sauƙi, sai dai idan ba a ƙayyade yawan abin da zai shiga gidan farko ba, kowa can yake tura nasa.

Ta uku ita ce a ba mutum maki ɗari ya raba wa buƙatun yadda ya ga dama. A cikin ukun, wannan ita ce ta fi dacewa da Yamai, domin tana da 'yar'uwa da ma'aikatan raya karkara suka daɗe suna amfani da ita a Sahel ƙarƙashin tsarin binciken haɗin gwiwa da ake kira MARP: a zana gidaje a ƙasa, a ba mutane tsakuwa ko ƙwayar wake su tara a inda ya fi damunsu. Ba ta buƙatar karatu, kuma duk ƙwayar da aka ajiye a gida ɗaya an hana wa wani gidan ita. Illarta guda ce: mai wayo zai iya zuba dukan nasa a wuri ɗaya don ya rinjayi sakamako. Maganinta kowa ya raba nasa shi kaɗai, a kuma tambaye shi dalili.

Abin da ya fi dacewa shi ne a haɗa su. A fara da labaran yanayi, kada su wuce bakwai ko takwas, kowanne da zane. Kowane rukuni ya raba ƙwayoyinsa. A ajiye gwamin biyu-biyu don 'yan buƙatun da rukunoni suka yi karo a kansu. Kuma kada a tara makin kowa a raba daidai, domin matsakaicin ra'ayin darakta da na ma'aikaciyar kanta ba ra'ayin kowa ba ne. A kai saɓanin teburi a fili, a yanke hukunci, a rubuta wanda ya yanke da dalilinsa.

Darussa biyu daga cikin gida

A 2010, bayan farin da ya jawo ƙarancin abinci, ƙungiyar Concern Worldwide ta raba tallafin kuɗi na wata biyar a jihar Tawa. Jenny Aker ta Jami'ar Tufts da abokan aikinta sun bi diddigin ƙauyuka 96, inda wasu suka karɓa hannu da hannu, wasu kuma ta hanyar Zap na kamfanin Zain. Kuɗin ɗaya ne. Amma gidajen da suka karɓa ta waya sun ɓata lokaci kaɗan wajen tafiya da jira, kuma abincinsu ya fi yawan nau'i. Masu binciken sun danganta hakan da lokacin da aka yi tsiminsa, da kuma ƙarin ikon mata a kan kuɗin, tun da isowarsa ba ta fito fili kamar ta layin rabo ba. Buƙatar aiki a hanyoyin biyu ɗaya ce, wato kuɗi ya isa. Kusanci da sirri ne suka bambanta sakamakon, kuma da wuya a ce wata daga cikin matan za ta ambaci sirri da an tambaye ta a gaban mai gari.

Na biyu shi ne aikin Abdou Maman Kané, wanda ya kafa kamfanin Tech-Innov a Yamai. Na'urarsa ta ban-ruwa daga nesa tana bai wa manomi damar kunna famfon gonarsa da kashe shi ta wayar salula, famfon kuma yana iya aiki da hasken rana. Aikin ya samu babbar kyautar ruwa ta Sarki Hassan na Biyu a 2015. An gina shi a kan wayar da manomi yake da ita da ranar da ba ta yankewa, wato an fara da sanin halin mai amfani kafin a zaɓi fasaha.

Daga fifiko zuwa ma'auni

Fifikon da ba a mayar da shi lamba ba ba ya ɗaure kowa. Idan kwangila ta ce manhaja za ta kasance a tsaye kashi 99 cikin ɗari na lokaci, an yarda ke nan ta kwanta kusan awa 88 a shekara. Idan aka ce 99.9, abin ya sauko ƙasa da awa 9, kuɗin kuma ya hau, domin sai an tanadi na'ura ta biyu da layi na biyu da wutar ko-ta-kwana. Sai an nuna wa mai biya wannan bambanci kafin a ce ya zaɓa da saninsa. Ya kamata a tambaye shi kuma waɗanne awoyi ne ba za a lamunta ba, domin tsayawar awa guda da tsakar dare daban take da ta ranar biyan albashi.

Haka kowace buƙata za ta samu ma'auninta: shafi ya buɗe cikin daƙiƙa kaza a kan ƙaramar waya da rezo mai rauni, idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, kada a rasa abin da aka shigar kuma kada a maimaita shi, sabon ma'aikaci ya iya aikin bayan horo na kwana kaza, injiniyan gida ya iya gyara ba tare da jiran kamfanin waje ba. A gwada waɗannan a reshe na gaske cikin watan zafi kafin a biya kuɗin ƙarshe.

Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa hanyoyin da aka ƙirƙiro a Toronto da Amurka da Japan suna da amfani a Yamai, muddin aka sauya musu tufafi: labari a madadin sunan siffa, ƙwayar wake a madadin takardar maki, zama daban-daban a madadin taro guda, da Hausa da Zabarmanci a madadin Faransanci kaɗai. Ya kuma nuna cewa mafi tsadar kuskure shi ne barin ma'aikacin kanta da abokin hulɗa a waje.

Kira a nan ga ɓangarori uku ne. Malaman Jami'ar Abdou Moumouni da makarantar EMIG su riƙa tura ɗalibai kasuwa da asibiti su yini suna kallo kafin su rubuta layi ɗaya na manhaja. Cibiyoyin renon matasan kamfanoni irin su CIPMEN su sa wannan cikin horonsu. Ma'aikatu da kamfanonin da ke ba da kwangila kuma su daina sa hannu a kan kundin da bai faɗi, da lambobi, abin da manhajar za ta yi ranar da babu wuta kuma babu rezo ba.